A Rarrabe Tsakanin Gyaran Hanci Na Lalura Da Na Neman Ƙarin Kyau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in tofa albarkacin bakina a kan maganar tiyatar gyaran hanci, wadda a da ba a jin ta sai a bakin likitoci, amma yanzu ta shiga hirar samari da 'yan mata a nan Bauchi, tun da wayar hannu ta fara kawo musu hotunan waɗanda suka je Turkiyya ko Iran aka sauya musu fasalin fuska. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyata kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuɗin goron da jama'a suke yi wa wannan aiki. Da zarar an ji cewa za a yi wa wane aiki a hanci, sai a ce ya raina halittar Ubangiji, ba tare da an tambayi abin da yake damunsa ba. Wannan hukunci na gaggawa bai hana masu neman ƙarin kyau zuwa a ɓoye ba, amma ya zaunar da masu lalura a gida suna fama da abin da yake da magani.

Hanci ba don ado kaɗai aka halicce shi ba. Shi ne yake tace ƙurar da muke shaƙa, ya ɗumama iska, ya sa mata danshi kafin ta isa huhu, kuma duk wanda hunturu ya taɓa riska a Bauchi ko Azare ko Misau da toshewar hanci ya san wahalar wayewar gari da busasshen maƙogwaro. Saman karan hanci ƙashi ne, ƙasansa guringuntsi, sannan a ciki akwai wani siririn bango da ya raba ƙofofin biyu. Mutane da yawa wannan bango nasu ya ɗan karkace, kuma har su tsufa ba zai dame su da komai ba. Amma idan karkacewar ta yi yawa, ko daga haihuwa ko sanadin bugu, sai ƙofa ɗaya ta kusa rufewa, mutum ya koma numfashi ta baki, ya riƙa minshari, ga yawan haɓo, ga mura wadda ba ta jin magani. Irin waɗannan bayin Allah su ne suke zarya kemis suna sayen maganin ɗigawa a hanci, alhali kuwa an yi shi ne domin 'yan kwanaki, idan aka zarce mako guda ana amfani da shi sai naman cikin hancin ya saba, ya riƙa kumbura duk lokacin da maganin ya sake shi. Aikin miƙe wannan bango ta cikin ƙofar hanci ake yin sa, ba ya barin tabo a waje, kuma galibi ba ya sauya kamannin mutum. Ba kowace toshewa ce take buƙatar wuƙa ba, domin wata rashin jituwa da ƙura ce, wata kuma tsiro ne a ciki, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa sannan a san wadda ake ciki.

Inda na fi son masu karatu su ba ni aron hankalinsu shi ne maganar rauni. A duk ƙasusuwan fuska babu wanda ya kai na hanci yawan karyewa, saboda shi ne ya fi fitowa gaba, ga shi kuma siriri. Haɗarin babur a cikin gari, da na mota a hanyar Jos ko ta Ningi ko ta Alkaleri, da naushi a fagen dambe, da gwiwar hannu a filin ƙwallo, da saran 'yan sara-suka, har da duka a cikin gida wanda mace za ta rufa wa asiri ta ce faɗuwa ta yi, duk suna barin mutane da karyayyen hanci. Abin da aka saba yi shi ne a tsayar da jini, a gasa wurin da ruwan zafi, a ce a jira kumburi ya saɓe. Kumburin kuwa yakan saɓe, amma kafin a ankara ƙashin ya riga ya fara kamawa a karkace. Likita yana iya mayar da shi mazauninsa ba tare da yanka ba idan aka zo a cikin mako 2 na farko, ga yara ma ƙasa da haka, domin ƙashinsu ya fi saurin haɗewa. Idan wannan wa'adi ya wuce, sai an jira watanni, sannan a shiga ɗakin tiyata a sake raba ƙashin a daidaita shi, aikin da ya fi na farko kuɗi da wahala nesa ba kusa ba. Ina girmama maɗoranmu na gargajiya, amma hanci ba wurin da ake yi wa ɗori ba ne, kuma abin da ya fi haɗari a cikinsa ba a ganinsa daga waje.

Abin da nake nufi shi ne taruwar jini a cikin bangon tsakiya. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga tantanin da ya lulluɓe shi yake samun abinci. Idan bugu ya sa jini ya taru a tsakaninsu, to an raba shi da abincinsa ke nan, cikin 'yan kwanaki sai ya fara mutuwa, wurin ya yi mugunya, daga baya karan hanci ya lotsa kamar sirdi. Yaron da ya faɗi ya bugi hanci, sannan aka ga ƙofofin biyu sun toshe, ga wani jan kumburi mai taushi a ciki, musamman idan jiki ya yi zafi, bai kamata ya kwana a gida ba. Ɗan ƙaramin yanka za a yi a fitar da jinin, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ke nan. Idan aka yi sakaci kuwa, zai girma da lotsattsen hanci, kuma gyaransa sau da yawa sai an yanko guringuntsi daga haƙarƙarinsa. Na ga irin waɗannan yara bayan sun zama samari, da yawansu sun bar makaranta saboda tsokana, iyayensu kuma ba su san cewa faɗuwar nan ta ƙuruciya ce ta jawo ba. Haka nan idan sara ko cizo ya cire wani yanki na hanci, kada a yar da shi ko a binne. A naɗe shi a tsumma mai tsafta mai ɗan danshi, a ɗaure a leda, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a garzaya asibiti da shi, domin wani lokaci akan iya mayar da shi.

Sai kuma waɗanda cuta ta cinye wa hanci. Cutar zaizayar baki, wadda likitoci suke kira noma, tana kama ƙananan yara, galibi daga shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga ciwon dasashi da warin baki take farawa, cikin kwanaki ta ci kunci da leɓe, wani lokaci har da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran da ta kama ba sa rayuwa, alhali a farkonta magani da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take ba da gudummawa tun 2014, kuma kyauta ake yin aikin. A watan Disamba na 2023 ne Hukumar ta sanya cutar a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Yaron da ya tsira daga wannan cuta sau da yawa a ƙuryar ɗaki ake ɓoye shi, ba boko ba allo, idan mace ce kuma maganar aure sai dai ta ji ana yi wa ƙannenta. Akwai kuma jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, wanda hancinsa yakan baje ta gefen tsagar. Leɓen ana ɗinke shi tun yana da watanni 3 zuwa 6, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki a asibitoci da dama a ƙasar nan, amma hancin yakan buƙaci aiki na biyu bayan ya girma. Ga kuturta da take rusa karan hanci, ga ƙunar wuta, ga ciwon dajin fata da yake addabar zabiya saboda zafin ranarmu. Duk waɗannan mutane, idan an yi musu aiki, abin da suka rasa ne aka mayar musu.

Shi ma aikin ba sabon abu ba ne da Turawan zamani suka ƙirƙiro domin 'yan gayu. Littafin likitancin Indiya na Sushruta, wanda ya haura shekara 1,500, ya yi bayanin yadda ake yanko fata daga kunci a gina hanci ga wanda aka yanke wa nasa, domin a can a wancan zamani yanke hanci yana cikin hukunce-hukuncen da ake yi wa masu laifi. Daga baya mutanen Indiya suka koma ɗauko fatar daga goshi. A 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai koran keken shanu da aka yi wa wannan aiki a Indiya, kuma a 1814 likita Joseph Carpue ya gwada shi a Ingila ya yi nasara. A yaƙin duniya na ɗaya likita Harold Gillies ya inganta fannin a kan sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska. Har gobe fatar goshi ce ake amfani da ita idan ɓarnar ta yi yawa. Ana yanko ta a juyo da ita ƙasa, amma a bar gindinta a manne kusa da gira domin jini ya ci gaba da gudana, sai bayan kimanin mako 3, idan ta kama a sabon wurinta, sannan a raba ta. Wannan zama na mako 3 shi ne ya fi yi wa majiyyaci nauyi, saboda kamanninsa a lokacin ba su da daɗin gani, kuma a nan nake roƙon masu zuwa dubiya su iya bakinsu, domin kalma ɗaya ta firgici ta isa ta sa mutum ya ƙi dawowa a ƙarasa masa aiki.

Ta fuskar addini, magana ta riga ta yi haske tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sahabi Arfaja ɗan As'ad, Allah ya yarda da shi, an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka yi masa na azurfa, sai ya riƙa yi masa wari, Manzon Allah ya umurce shi da ya yi na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito wannan. A duba a gani, zinariyar da aka hana maza sanyawa ita ce aka halatta masa, domin a kawar masa da aibi. A ɗaya gefen kuma akwai aya ta 119 a Suratun Nisa'i wadda ta ambaci sauya halittar Allah a cikin abubuwan da Shaiɗan yake umurni da su, da hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim a kan masu yin wushiryar ƙarya domin neman kyau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta haɗa waɗannan hujjoji a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007. Ta halatta aikin da zai mayar da gaɓa ga amfaninta, da gyaran aibin haihuwa irin tsagaggen leɓe da mummunar karkacewar hanci, da abin da ƙuna ko haɗari ko cuta suka ɓata, sannan ta hana sauya lafiyayyen hanci domin bin son rai ko kwaikwayon wasu. Roƙona ga malamanmu shi ne idan za su yi wa'azi a kan wannan batu su kawo ɓangarorin biyu tare, saboda mai sauraro a ƙauye idan hanin kaɗai ya ji, ɗansa mai tsagaggen leɓe ne zai sha wahalar abin. Su kuma warware wa majiyyata tambayar da suka fi yi mana a gadon asibiti, wato yadda za su yi alwala da sujada alhali akwai bandeji a hanci na kimanin mako guda, an kuma hana su shaƙa ruwa da fyacewa, domin shari'a ta yi sauƙi a kan shafa a kan bandeji da sallar mara lafiya, amma da yawa ba su sani ba.

Game da masu neman ƙarin kyau, ra'ayina a fili yake: ban goyi bayan a sa wuƙa a lafiyayyen hanci ba. Amma ba zan zage su ba, domin mu ne muka shuka abin a zukatansu. Tun ranar wankan farko ungozoma da kakanni suke jan hancin jariri da ruwan ɗumi wai domin ya yi tsawo, alhali fasalin hanci gado ne, ja ba ya ƙara masa komai. Idan za a yabi amarya sai a ce hanci har baka, idan za a muzanta yarinya sai a kira ta da bajajjen hanci, a gaban ƙannenta, a bakin mahaifiyarta ma wani lokaci. Yarinyar da ta tashi da wannan a kunnenta, sannan ta samu wayar da take sirantar mata da hanci a duk hoton da ta ɗauka, ba abin mamaki ba ne ta fara ƙin fuskarta ta gaskiya. Abin yakan kai wasu ga lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, inda mutum yake ganin wani babban aibi a jikinsa wanda ba kowa yake ganinsa ba, kuma mai irin wannan lalura tiyata ba ta gamsar da shi, daga wannan aiki sai ya nemi wani.

Wanda duk ya ƙudurta sai ya yi, akwai abubuwan da masu talla a intanet ba za su gaya masa ba. Wannan fanni na ado ya bunƙasa ne a hannun likita John Roe a Amurka, wanda ya fara yin aikin ta cikin ƙofar hanci a 1887, da likita Jacques Joseph a birnin Balin na ƙasar Jamus daga 1898, kuma galibin abin da suka yi rage girma da tudun hanci ne. Hancin yawancinmu kuwa fatarsa ta fi kauri, guringuntsinsa ya fi taushi, karansa bai cika tudu ba, saboda haka abin da ake yi masa ƙari ne, ko da guringuntsin kunne ko na haƙarƙari, ko da roba. Robar tana iya karkacewa, ko ta jawo mugunya, ko ta huda fata ta fito bayan shekaru. Idan aka matse ƙofofin hanci fiye da kima, mutumin da ya shiga yana numfashi lafiya zai fito yana haki, kuma naman da aka yanke ba ya dawowa. Kumburi yakan kai shekara guda kafin a ga ainihin abin da aka samu, ga mai kaurin fata ma ya wuce haka, kuma ko a hannun ƙwararru akwai waɗanda sai an sake yi musu aiki na biyu, wanda ya fi na farko wuya. Bai dace a taɓa hancin da bai gama girma ba, wato kafin shekara 16 ga mace, 17 ko 18 ga namiji, sai da lalura. Mai sikila ko hawan jini ko ciwon suga dole ne a yi masa shiri na musamman kafin allurar barci, mai shan taba kuma rauninsa ba ya saurin warkewa. Wanda ya je wata ƙasa aka yi masa aiki ya dawo bayan kwana 10, ya tambayi kansa wa zai duba shi idan jini ya ɓalle masa da tsakar dare a Tafawa Balewa ko Jama'are.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar cika hanci da ake tallata wa mata a matsayin gyara ba tare da yanka ba. Jijiyoyin jinin hanci suna haɗe da waɗanda suke ciyar da ido. Idan ruwan allurar ya shiga jijiya ya toshe ta, fatar hanci tana iya mutuwa ta yi baƙi, kuma an samu waɗanda suka makance nan take, makantar da galibi ba ta warkewa. Wannan yana faruwa har a hannun likitoci, balle a shagon gyaran jiki ko a ɗakin otal. Duk wanda zai taɓa fuskar mutum da allura ko wuƙa, a tabbatar yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma ya ƙware a tiyatar gyaran jiki ko a fannin kunne da hanci da maƙogwaro. Neman ganin shaidarsa ba raini ba ne, likita na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Masu lalura kuwa su sani ba sai sun tsallaka teku ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe suna da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, akwai cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Kaduna, akwai kuma sashen ƙuna da gyaran jiki a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Bauchi da ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙananan hukumominmu 20 abubuwa biyu waɗanda tocila kaɗai suke buƙata: leƙa cikin hancin duk yaron da ya bugu a fuska, da buɗe bakin duk yaron da aka kawo da tamowa. Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilinka waɗannan asibitoci ya tambayo ranakun ganin likita, da kuɗin mayar da karyayyen hanci da na miƙe bangon tsakiya, da abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha yake ɗauka daga ciki, sannan a buga amsar da Hausa a wannan shafi, domin gidajen rediyonmu su samu abin karanta wa mutanen karkara.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Bauchi.